Haukan kare: abin da Njamena ta gwada, da abin da ya rage wa maƙwabta

A duk ranar 28 ga watan Satumba, ma'aikatun kiwo da na lafiya a ƙasashe da dama na yankin nan kan shirya bikin ranar yaƙi da cutar haukan kare, wadda ake kira "rage" da Faransanci. Akan yi jawabai, a yi wa wasu karnuka allura kyauta a gaban ƴan jarida, sannan a watse sai baɗi. An zaɓi ranar ce don tunawa da Louis Pasteur, masanin nan na Faransa da ya rasu a irin wannan rana a 1895, shekara goma bayan ya yi wa Joseph Meister allura, yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuma ya rayu.

Ke nan an yi kusan shekara 140 da sanin hanyar tsira daga wannan cuta. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa, kuma huɗu daga cikin kowane goma yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. A 2015 ne hukumomin duniya suka tsayar da 2030 a matsayin shekarar da za a daina mutuwa saboda cizon mahaukacin kare. Wa'adin ya ƙarato, amma a ƙasashen Sahel da kewayen Tafkin Chadi har yanzu ba a warware tambayar farko ba: wa zai biya kuɗin allurar kare?

Cutar da ba ta shiga lissafi

Ƙwayar cutar tana cikin miyan dabbar da ta kamu. Idan ta shiga jikin mutum ta rauni, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. A wannan tsakanin ne allura ke aiki. Da zarar alamomi sun bayyana, irin su zazzaɓi, firgita, ruɗewa da tsoron ruwa, to kusan babu wanda ke tashi.

Wannan dogon jinkiri shi ne ke ɓoye cutar. Ciwon cizon ya daɗe da warkewa, iyaye sun manta da shi, don haka idan yaro ya fara fizge-fizge sai a ce iska ce ko sammu, ko kuma a asibiti a rubuta zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga birnin Blantyre na Malawi ya gano cewa uku daga cikin yara 26 da suka mutu aka ɗora wa irin wannan zazzaɓi, haukan kare ne ya kashe su. Waɗanda suka mutu a gida kuwa, musamman a ƙauyuka da rugage, ba sa shiga kowane kundi. Ma'aikatar da ba ta ga adadi a takarda ba, da wuya ta ware wa matsalar kuɗi.

Jinkirin ne kuma ke ƙara wa maganin gargajiya suna. Yawancin karnukan da ke cizo lafiyarsu ƙalau, kuma ko mahaukacin kare ba kowane cizonsa ne ke sa cutar ba. Saboda haka mafi yawan waɗanda aka shafa wa garin magani za su rayu ko da ba a yi musu komai ba, sai a ce magani ya ci. Ƴan kaɗan ɗin da ƙwayar ta shiga jikinsu da gaske su ne ke mutuwa bayan watanni, lokacin da babu mai danganta mutuwar da cizon.

Gwaji uku a birni ɗaya

Ba a cika samun birnin da aka yi wa wannan cuta nazari mai tsawo a Afirka kamar Njamena ba. Tun farkon shekarun 2000 cibiyar binciken kiwo da ke unguwar Farcha, wadda yanzu ake kira IRED, take aiki tare da cibiyar Swiss TPH ta birnin Basel da kuma cibiyar CSSI ta Chadi, suna gwada kawunan karnukan da ake zargi, suna ƙirga karnukan birnin.

A 2002 an yi gwajin farko a wasu unguwanni, inda aka yi allura kyauta. Tsakanin kashi 64 zuwa 87 cikin ɗari na karnukan wuraren suka samu. A 2006 aka sake gwadawa, amma aka nemi mai kare ya biya jika biyu, wato CFA 2,000. Sai adadin ya faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Birnin bai canja ba, mutanen ma su ne, kuɗin kawai aka sa.

Bambancin yana da muhimmanci saboda yadda cutar ke yaɗuwa. Mahaukacin kare yakan harbi kare ɗaya zuwa biyu ne kawai kafin ya mutu cikin ƴan kwanaki. Idan akasarin waɗanda zai ciza suna da rigakafi, sarƙar sai ta tsinke. Shi ya sa masana suka tsayar da kashi 70 cikin ɗari a matsayin mizani. An ɗaga adadin ne da gangan, domin karnukan yankin nan ba sa daɗewa a duniya: da yawa na mutuwa da ƙuruciya, sabbin ƴan kwikwiyo marasa allura na maye gurbinsu. Idan aka fara daga kashi 70, abin da ya rage zai iya riƙe gari har zagayowar shekara. Idan aka fara daga kashi 25, cikin ƴan watanni an koma gidan jiya.

Gwaji na uku shi ne babba. A 2012 da 2013 aka bi dukkan gundumomin Njamena ɗaya bayan ɗaya, ana kafa rumfunan allura a unguwanni, kyauta, tare da taimakon masu unguwanni da masu shela. An yi wa karnuka sama da 18,000 allura a shekarar farko, sama da 22,000 a ta biyu, kuma a duka shekarun an haura kashi 70. Gwamnatin Chadi ta sa nata kason kuɗin, masu ba da tallafi daga waje suka cika. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba: kimanin wata tara a cikin 2014, ɗakin gwaje-gwaje bai tabbatar da cutar a jikin kare ko ɗaya a birnin ba.

Yadda ta dawo

Kafin ƙarshen 2014 aka sake samun mahaukatan karnuka a Njamena. Tawagar masu binciken, ƙarƙashin Farfesa Jakob Zinsstag, ta nazarci ƙwayoyin da aka samu, ta kuma wallafa sakamakon a 2017: alamu sun nuna cewa an katse yaɗuwar cutar a cikin birnin, sabuwar ta shigo ne daga waje. Ba a kuma ci gaba da yi wa birnin baki ɗaya allura kowace shekara ba, don haka ta tarar da sabbin karnuka marasa kariya.

Duk wanda ya san Njamena ba zai yi mamaki ba. Gadar Nguéli kaɗai ce tsakaninta da Kousseri ta Kamaru. Mafarauta na tafiya da karnukansu, makiyaya na ratsa ƙasa uku a shekara guda da kare a bayan garke, ana ɗauko ɗan kwikwiyo a kwali daga ƙauye a kai wa ɗan'uwa a birni. Kare na iya ɗauke da cutar makonni ba tare da wata alama ba, ya hau mota ko kwalekwale, ya sauka a wata ƙasa. Haka abin yake tsakanin Bongor da Yagoua, tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Gaya da Malanville.

Wani nazari da aka wallafa a 2023 a mujallar Nature Communications ya yi lissafin wannan a faɗin nahiyar, ya nuna cewa ƙasashen Afirka sun fi cin riba idan suka yi allurar karnuka a tare, maimakon kowace ta dogara da yi wa waɗanda aka ciza magani. Matsalar ita ce ƙasar da ta fara ita kaɗai za ta kashe kuɗi, cutar kuma ta dawo mata daga maƙwabta. Kowa sai ya tsaya yana jiran ɗan'uwansa.

Siyasar yankin ba ta sauƙaƙa lamarin ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga CEDEAO a watan Janairun 2025. Chadi da Kamaru suna CEMAC, Najeriya tana CEDEAO, ga kuma rashin tsaro da ya hana ma'aikatan dabbobi shiga wurare da dama a bakin Tafkin Chadi. Jiran babbar yarjejeniya zai ɗauki shekaru. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne garuruwa biyu da ke fuskantar juna a kan iyaka su tsayar da mako guda na allura, su riƙa sanar da juna idan an tabbatar da cutar. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kyauta kaɗai ba ta isa ba

Birnin Bamako ya nuna ɗaya gefen. A 2013 an gwada irin tsarin Njamena a can, rumfuna a unguwanni, allura kyauta, amma karnukan da aka kawo ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Da aka bi gidaje ana tambaya, wasu suka ce ba su ji labari ba, wasu suka ce ba za su iya kama karen su kai shi ba.

Wannan dalili na biyu ya shafi al'ummomin Hausawa kai tsaye. A zango ko unguwar Hausawa, kare yana da mai shi, ana zuba masa sauran tuwo, yana gadin gida ko garke, amma ba a taɓa shi, bai san igiya a wuya ba. Magidanci na jin nauyin a gan shi yana jan kare a titi, sai a bar wa yara, su kuwa yaran su ne aka fi ciza. Binciken da aka yi a Njamena da wasu biranen Afirka ya nuna cewa karnukan da ba su da mai su kwata-kwata kaɗan ne. Yawancin waɗanda ake kira karnukan titi suna da gidan da suke kwana.

Ta fuskar addini kuwa, mazhabar Malikiyya da akasarin Musulmin yankin ke bi tana ɗaukar kare mai rai a matsayin mai tsarki, kuma an halatta riƙe shi don farauta, kiwo da gadin gona. Sanannen hadisi ne labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, haka ma na matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa har ta mutu. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta da haƙƙin maƙwabta na wuyansa. Gangamin da bai nemi limamai, sarakunan zango da shugabannin mafarauta ba, ya kuma ƙi tura ma'aikata gida-gida inda rumfa ba ta yi aiki ba, zai sha wuya kafin ya kai kashi 70.

Kuɗin yana wani ofishi, ribar tana wani

A watan Yunin 2024 ƙungiyar Gavi ta sanar da cewa za ta tallafa wa ƙasashe sama da 50 da allurar da ake yi wa mutum bayan cizo. Wannan babban sauƙi ne, domin OMS ta ƙiyasta cewa a 2018 jinyar cizo kan ci dalar Amurka 108 idan aka haɗa da kuɗin mota da asarar kwanakin aiki, abin da ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Tun 2018 kuma hukumar ta amince da tsarin yin allurar a cikin fata a rana ta farko, ta uku da ta bakwai, wanda ke rage yawan ruwan allurar da ake buƙata sosai.

Sai dai tallafin na Gavi na mutane ne, bai haɗa da allurar karnuka ba. Mutum ba ya cikin sarƙar yaɗuwar cutar, don haka ko an yi wa duk wanda aka ciza allura, baɗi ma za a sake cizon wasu. Allurar kare tana ƙarƙashin ma'aikatar kiwo, wadda hankalinta ke kan shanu, tumaki, awaki da raƙuma, tunda su ne dukiyar ƙasa. Rayukan da za a ceta da kuɗin da za a rage kashewa kuwa, a littafin ma'aikatar lafiya za su bayyana. Rufe hukumar USAID ta Amurka a 2025 ya ƙara nuna haɗarin jingina irin wannan aiki ga masu ba da tallafi.

Abin da hukumomin birane suka fi saurin yi idan an samu cizo da yawa shi ne kashe karnuka, sau da yawa da guba. Yana kwantar da hankalin jama'a na ɗan lokaci, amma OMS ta daɗe da cewa ba ya kawar da cutar. Ana kashe masu allura tare da marasa ita, masu gida su nemo sabbin ƴan kwikwiyo daga wani wuri, wasu kuma su gudu da nasu zuwa wani gari, wataƙila da cutar a jikinsu.

Hanyar rage tsada tana nan. Ma'aikatan dabbobi na fita kowace shekara yi wa garkuna allurar ciwon huhu na shanu da annobar ƙananan dabbobi, da tallafin shirye-shirye irin su PRAPS da aka fara a 2015 a ƙasashen Sahel shida. Karnukan makiyaya na tsaye a gefe ana yi. Ƙara kwalaben allurar kare a cikin akwatin sanyi ɗaya ba zai buƙaci wata mota ko wani man fetur ba. Chadi ma ta taɓa haɗa allurar yaran makiyaya da ta dabbobinsu a fita ɗaya a farkon shekarun 2000. Misalin Meziko, wadda OMS ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da mutuwar mutane ta hanyar cizon kare, ya tsaya ne a kan allura kyauta da gwamnati ta riƙa maimaitawa shekara da shekaru.

Kurkunu ma ya koma jikin kare

Akwai cuta ta biyu da ke koyar da wannan darasi a gaɓar kogunan Chari da Logone. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi na kamuwa da kurkunu a shekara. A 2023 mutum 14 kacal aka samu a duniya. An tabbatar da Kamaru ta rabu da shi a 2007, Nijar da Najeriya a 2013, Ghana a 2015. Amma a 2012 aka fara ganin tsutsar tana fitowa daga ƙafafun karnuka a Chadi, har adadin ya kai karnuka 1,935 a 2019, ban da kyanwoyi. Ana danganta hakan da ɗanyen kayan cikin kifi da ake zubarwa a bakin ruwa, da kuma ruwan kududdufai da dabbobin ke sha. Daga baya cutar ta bayyana a yankin Guéré na Arewa Mai Nisa a Kamaru, daura da Bongor, inda aka ƙirga dabbobi sama da 200 a 2023.

Kurkunu ba shi da allura ko magani. Abin da ya rage adadin a Chadi zuwa ƴan ɗaruruwa shi ne ɗaure karnuka a lokacin da cutar ta fi yaɗuwa, binne kayan cikin kifi, zuba maganin Abate a ruwan da ke kwance, da ba da tukuici ga wanda ya kai rahoto, tare da taimakon Cibiyar Carter. Aikin kusan shekara arba'in na kawar da cuta daga jikin ɗan Adam yanzu ya rataya ne a kan yadda masunta ke kula da karnukansu.

Abin da ke hannun mai gida

Kafin gwamnatoci su daidaita, akwai abin da bai gagari mai kare ko kyanwa ba. Ana yi wa ɗan kwikwiyo allurar haukan kare daga wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likitan dabbobi ya tsara, a kuma adana katin, domin shi ne hujja ranar da karen ya ciji ɗan maƙwabta. Kyanwa ma na kamuwa, kuma yakushinta na iya sa cutar. Akwai allurar haɗaka da ake fara wa ƴan kwikwiyo daga mako shida zuwa takwas, mai kare su daga cututtuka irin su gudawar jini da ke kashe su da yawa.

Maganin tsutsar ciki duk bayan wata uku ga babban kare kariya ce ga yaran da ke wasa a ƙasar da yake kashi. A lokacin layya ko a mahauta, hanta ko huhun da aka ga ƙullutu mai ruwa a jikinsa a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a jefa wa kare, domin ta nan ne wata tsutsa ke zagayowa ta kama hantar mutum. Maganin mutane ba na dabba ba ne: ƙwayar farasitamol na iya kashe kyanwa. Wasu magungunan kaska da ƙuma na karnuka, masu sinadarin permethrin, guba ne gare ta. Maganin da ya yini a rana a kan tabarmar kasuwa, ko na shanu da aka auna da ido aka ɗura wa kare, ya fi kusa da cutarwa.

Idan kuwa an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a nufi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne. Cizo mai zurfi, ko a fuska, wuya da yatsu, ya fi haɗari. Karen da ke da alamar lafiya kada a kashe shi: a tsare shi, likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10, ko 15 a inda ake bin tsarin Faransa, amma ba a jiran ƙarshen kwanakin kafin a fara allura. Makiyayi kuma ya yi hattara da saniyar da ke dalalar da miyau ta kasa haɗiya. Mutane sun sha zura hannu a bakin irin wannan dabba suna neman abin da ya maƙale, alhali haukan kare ne ke damunta.

Daga nan zuwa 2030, jawaban ranar 28 ga Satumba ba za su nuna inda aka kwana ba. Abin dubawa shi ne ko allurar karnuka ta samu gurbi a kasafin kuɗin ma'aikatun kiwo, ko an maimaita ta shekara biyu ko uku a jere a gari ɗaya, da kuma ko an ga mako guda da ma'aikatan Kousseri da na Njamena suka fita aiki tare.